Wutar Bayan Azahar

Tun liman bai sallame azahar ba hankalin Habibullahi ya riga ya koma gida. Ana sallamewa ya shafa addu'ar da bai yi ba, ya zura takalmi, ya ratsa ta bayan rumbuna yana sauri kamar wanda aka koro. Bai kai ƙofar zaure ba ya jiyo abin da yake gudu: injin numfashin mahaifinsa yana ta kuka, ɗit, ɗit, ɗit, kukan da ke nufin wutar da ake ba shi ba ta yi masa ba.

Mahaifin nasa, Malam Maccido, tsohon manomin albasa ne a wani ƙauye da ke gefen Marnona, mutumin da a da yake saɓa buhu a kafaɗa yana hira. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun bazara. Da aka sallamo shi daga asibiti a Sakkwato, an haɗo shi da wani inji mai tsayin randa, wanda ke zuƙo iska ya tace ta, ya turo masa ta wani siririn bututu da ake maƙalawa a hanci. Likita ya ce muddin injin yana aiki, tsoho zai zauna a ɗakinsa cikin iyalinsa. Sharaɗin dai kada wuta ta yanke. To, ƙauyen bai taɓa ganin wutar gwamnati ba, sai dai a ji labarinta a rediyo. Amma Habibullahi haɗa sola ce sana'arsa, don haka a gaban likitan ya bugi ƙirji ya ce a bar masa wannan.

Kuma ya yi aikin, ba laifi. Ya jera allunan sola a kan kwanon ɗakin matarsa Ruƙayyatu, don shi kaɗai ne ɗakin siminti a gidan, mai silin, wanda awaki da kaji ba sa shiga. A cikin ɗakin ya ajiye batura, ya kafe inbata a bango, can a lungu kusa da kabad ɗin kwanukanta. Inbata ita ce akwatin da ke karɓar wutar batir ta mai da ita irin wadda kayan lantarki ke ci. Daga nan ya ja waya ta saman tsakar gida zuwa ɗakin tsoho. Makonnin farko komai lafiya lau, har maƙwabta na zuwa kallo, shi kuwa yana tafiya yana buɗa kafaɗu. Sai da ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, zafin nan mai jiƙa riga ya shigo, sannan wutar ta tsiro da wannan iskanci.

Da safe ba ta da aibu ko kaɗan. Amma da zarar rana ta take ta fara karkata, sai ƙwan fitila ya soma ƙifta ido, fankar silin ta rage gudu tana gurnani, rediyon tsoho ya cika da shuuu. Injin numfashi kuwa ba ya ɗaukar raini, sai ya kunna jar fitilarsa ya kama kuka. Haka za a yi ta fama har bayan la'asar, inuwa ta faɗi, sannan wutar ta dawo daidai kamar ba ita ba.

Ya tarar da tsohon a zaune ya jingina da bango, baki a buɗe, kafaɗunsa suna hawa suna sauka.

“Sannu, Baba. Bari in sauya ma.”

Ya zare bututun daga inji ya haɗa shi da tukunyar iska, wani dogon ƙarfe da aka ba su a asibiti don ko-ta-kwana. Ya murɗa kanta, iska ta fara shigowa, a hankali kafaɗun tsoho suka lafa. Habibullahi ya leƙa agogon awon iska da ke wuyan tukunyar. Allurar ta kusa taɓa jan layi. Cika ta sai an kai ta Sakkwato, in kuwa aka tafi da ita, ba abin da tsoho zai ratsa zafin rana da shi.

“Ka huta haka nan, Habibu,” in ji Malam Maccido, yana tsinka maganar gida-gida don numfashi. “Inji na. Shi ma shina gajiya.”

“Ba gajiya ba ta, Baba. Akwai abin da ban gani ba.”

Tsohon ya mai da kallonsa ga bango.

Ba abin da Habibullahi bai zarga ba. Ya fara da batura, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da mitar gwaji, ya same su cike dam. Ya hau kwano ya wanke allunan sola da tsumma har suna ɗaukar ido. Ya ce ko kaya ne suka yi wa inbatar yawa, ya kori masu kawo cajin waya, har da abokin wasansa Ɗahiru, wanda ya tafi yana cewa mutum ya samu wuta ya manta da mutane. Ya aro janaretan mai aski, injin numfashi ya ƙi wutarsa ƙememe, hayaƙin kuma ya tayar wa tsoho da tari har sai da aka yi ta salati. Daga nan ya tsayar da zuciyarsa a kan waya. Ya ce ta yi siriri, ga tsawo, wuta na zubewa a hanya. Ya hau babur da sassafe ya nufi Goronyo, ya kutsa kasuwa tsakanin buhunan hatsi da motocin albasa, ya sayo mai kauri kamar yatsa, ya dawo ya sauya ta tun daga ɗaki har ɗaki. Ranar har abinci ya ci da daɗi. Ya zauna kusa da mahaifinsa yana jiran azahar kamar mai jiran a yaba masa. Azahar ta yi, ƙwan fitila ya ƙifta, injin ya ce ɗit.

Ai sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya zama ba ya iya zama wuri ɗaya. A gona yana cikin noman firi sai ya yar da fartanya ya tsaya yana lissafin abin da ya mance. In ana gaishe shi a hanya sai ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Mitar gwaji ba ta barin aljihunsa, da ita yake zuwa masallaci. Abin da ya fi cinsa shi ne da bakinsa ya ce a kawo tsohon gida. Da ya yi shiru, da yanzu yana kwance a asibiti inda ake da masu kula da wuta. Kunya da tsoro suka haɗu suka hana shi sakat.

Abin da bai lura da shi ba, duk binciken da yake yi a jikin inbatar da safe yake yinsa. Bayan azahar ɗakin Ruƙayyatu ba ya shiguwa. Lokacin ne mata ke zuwa dubiya. Su durƙusa a ƙofar ɗakin tsoho su yi masa sannu, sai su zarce ɗakin siminti su baje, a yi ta hira har la'asar. Namiji mai kunya ba ya faɗawa cikin matan mutane da sukundireba a hannu. Ko ya yi niyya ma, mahaifiyarsa Inna Bilkisu tana zaune a bakin ƙofar a kan tabarma tana gyaran wake, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Ballantana a wannan lokacin shi yana can gefen mahaifinsa, ido a kan allurar tukunya.

Ita kuwa Ruƙayyatu tana da juna biyu, cikin har ya fito, amma a gidan ba mai ambatonsa. Ta yi ɓari a baya, ba sau ɗaya ba, kuma na ƙarshen ya yi nisa sosai kafin ya tafi, har an fara ɗinka 'yan riguna. Tun daga nan kowa ya kama bakinsa. Wannan karon sai dai a bi ta da ido, a karɓe mata guga in ta nufi rijiya, a hana ta daka. Kwanakin nan ta ƙara yin shiru, ba ta yarda su haɗa ido da mijinta. In ya shigo da safe ya tsuguna gaban batura, sai ta fita tsakar gida ta tsaya tana murza gefen zanenta. Ya ɗauka nauyin jiki ne, bai bi ta kai ba.

Wata safiya ya kasa haƙura, ya hau babur ya tafi Wurno wurin Dickson, mutumin kudancin Kaduna da ya koya masa aikin, wanda ya daɗe a garin yana haɗa wa rijiyoyin burtsatse sola. Ya so ya kira shi a waya tun farko, girman kai ya hana. Ya same shi a gindin wani tankin ruwa yana tufka wayoyi. Ko gaisuwar kirki bai bari an gama ba, ya fara zazzage masa duk abin da ya yi, batura, alluna, waya, janareta. Dickson ya bar shi har ya kai aya.

“To, na ji,” in ji Dickson. “Ka taɓa jikinta da hannunka lokacin da take yin abin?”

“Kullum nika duba ta, Oga.”

“Da wane lokaci?”

“Da sahe.”

Dickson ya ajiye filayarsa ya dube shi. “Habibu, da safe kowane inji lafiyarsa lau. Ni ma da safe lafiya nake. Inbata in cikinta ya yi zafi, kafin ta mutu sai ta fara ba da gurguwar wuta, ƙarfinta ya ragu, ta yi ta rawa. Fitila za ta haƙura, caja za ta haƙura, amma injin asibiti ba ya cin wuta mai tsakuwa. Akwai 'yar fanka a gefenta, ba ta tashi sai zafi ya kai. Ka taɓa jin ta tashi?”

Habibullahi ya yi ta lalube a ƙwaƙwalwarsa. A makonnin farko yana jin wani siririn huci daga ɗakin da rana. Yaushe rabonsa da jin sa, bai sani ba.

“Ba ni shiga ɗakin da rana,” ya ce a hankali. “Mata na ciki.”

“Sai ka ba su haƙuri yau. Ina da wata inbata da zan iya aro maka, amma tana Sakkwato, ba za ta iso yau ko gobe ba. Iskar tukunyar za ta kai?”

Habibullahi ya dubi rana, ta kusa tsaka. Ya tayar da babur.

Hanyar ta jiƙe da ruwan shekaranjiya, babur yana ta zamewa a taɓo, shi kuwa bai sassauta ba. Gero ya fara tasowa kore shar a hagu da dama, bai ga ko ɗaya ba. Zuciyarsa tana ta zaginsa. Abin da yaron shago ma zai fara dubawa, shi ya tsallake shi ya tafi Goronyo sayen waya. Ya iso gida ana kiran azahar, ya yi sallarsa a zaure a gurguje, ya shige ciki taɓo har gwiwa.

Mata ba su fara zuwa ba tukuna, amma Inna Bilkisu ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa.

“Ina za ka haka kamar an jeho ka?”

“Ɗaki za ni shiga, Inna. In baƙi sun zaka a kai su rumfa.”

“Mi kaka nema cikin ɗakin mata da rana tsaka? Ba ka duba da sahe ba?”

“Yanzu nika son in duba.”

Ba ta janye ƙafafunta ba. Tun da ya yi wayo bai taɓa tsallake ƙafar mahaifiyarsa ba, yau ma bai yi ba. Ya raɓa ta gefen tabarmar, kafaɗarsa tana gogar bango, ya shiga. Ruƙayyatu tana zaune a bakin gado. Tana ganinsa ta sunkuyar da kai.

Ƙwan fitilar ɗakin ya riga ya fara rawa. Ya ɗora tafin hannu a kan inbatar, ya janye da sauri, zafinta kamar murfin tukunyar tuwo. Ya kanga kunne. Wani zuuu ne kawai ke fitowa daga cikinta, ba hucin fanka. Gefen da fankar take yana kallon kabad, tsakaninsu bai fi faɗin tafi ba, kuma an rataye wani faifai mai ado a ƙusa, ya rufe ratar. Ya sha ganin faifan nan da safe, ya ɗauka kwalliyar mata ce. Ya cire shi, ya haska fitilar wayarsa cikin ragar fankar.

Laka ce. Jar laka, an gina ta ɗaki-ɗaki, gwanin sha'awa, ta kama fukafukan fankar ta liƙe su da jikin inbatar. Gidan zanzaro ne, ƙato, ya cika wurin, ko iska ba ta wucewa.

Dariya ta ƙwace masa, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Kwana da kwanaki yana yawo tsakanin Goronyo da Wurno, ashe ƙwaro ne mai siririn ƙugu ya ɗebo taɓo daga gindin randa ya yi masa wannan aika-aika. Daga ɗakin tsoho injin ya fara kuka. Ya ruga ya mai da mahaifinsa kan tukunya. Allurar ta shiga cikin ja. Ya dawo ya kashe inbatar, ya zare wayoyin batir, ya sassauta ta daga bango ya juyo da gefenta, ya kwance ragar. Ya ɗaga sukundireba ke nan ya ji an riƙe masa hannu.

Inna Bilkisu ce. Bai taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba.

“Kada ka taɓa shi.”

“Inna, wanga shi ka hana Baba numhwashi.”

“Hito waje mu yi magana.”

Ta ja shi tsakar gida, nesa da ƙofar, ta rage murya. Ta ce tun yana ƙarami suka gan shi, tun zanzaron yana kai da komo da laka a baki. Ta ce ai ya sani, ko ya yi kamar bai sani ba: zanzaro in ya yi gini a ɗakin mace, albishir ne, kuma ba a rushe shi sai ta sauka lafiya. In aka rushe, abin da ke jikinta ma yana iya bin sa. Ba ta ce ciki ba, ko a nan ma ba ta iya ambatonsa ba.

Habibullahi ya tsaya yana kallonta. Ya san wannan magana tun yana yaro, yadda ya san ba a zama a kan turmi, amma bai taɓa zaton za a ɗora ran mutum a kanta ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

“Camhi na, Inna! Laka ta! Allah ɗai ka rayawa, shi ka kashewa. Kuna kallo ina ta haukan yawo, kuna kallon Baba shina shiɗewa kullum, kunka yi shiru?”

“Na san Allah ka yi. Ba kai za ka gaya man ba.” Idanunta sun kawo ruwa. “Amma ba kai kar riƙe ta ba waccan rana. Ni nir riƙe ta. Ni niw wanke zannuwan. Mun ji hwankar ta bar huci, amma mun ɗauka kana gyara wutar ta wata hanya, tunda aikinka na. Da munka ga abin ya ƙi, nac ce a gaya ma.”

“To mi yah hana?”

“Tahi ka tambayi babanka. Shi yac ce a bar shi.”

Habibullahi ya juya ya shiga ɗakin tsoho, ya durƙusa a gaban shimfiɗarsa. Malam Maccido ya ji komai, don tsakar gidan ba wani girma gare ta ba. Bai jira an tambaye shi ba.

“Ni nac ce.”

“Baba, iskar tukunyag ga ba ta kai gobe.”

“Na sani. Ina ganin allurar kamar yadda kaka ganinta.” Ya tsaya ya ja numfashi. “Habibu, ni na ci zamanina. Na yi noma, na aurar, na je Makka. Yarinyag ga ba ta ga komi ba sai kuka. Ko camhi na, ko ba camhi ba na, in anka rushe shi, wani abu yas same ta, har ta mutu tana cewa don ni ta rasa. Ba ni son in sha iska da wanga.”

“In kuma kai wani abu yas same ka fa? Ni mi za ni ce ma kaina?”

Tsohon ya lumshe ido. Habibullahi ya duƙa a wurin, sukundireba tana hannunsa har yanzu. Ya san da ya tashi, cikin ƙiftawar ido zai gama aikin. Bai taɓa saɓa wa mahaifinsa ba, amma ba wannan ne ya danne shi a ƙasa ba. Shi da ya gama ɗaga murya yana cewa laka ce, sai ga shi yana tuna fuskar Ruƙayyatu ranar da aka dawo da ita daga asibiti hannu wofi, da yadda ta yi makonni ba ta magana. Ya ji tsoron ya shige shi shi ma, ya ji haushin kansa, ya kasa tashi. Tukunyar tana ta huci a gefensa.

Daga ɗakin siminti aka ji wani ƙas, ƙas, sannan ƙarar abu yana zubowa a ƙasa.

Inna Bilkisu ta saki salati. Habibullahi ya fito da gudu. Ruƙayyatu tana tsaye gaban inbatar, cokalin ƙarfe a hannunta, tana ƙwaƙule sauran lakar da ta maƙale a fukafukan fankar da gindinsa. Ɓaraguzan sun zube a kan siminti, tare da 'yan tsutsotsi kore da zanzaron ya tara a ciki. Ba ta tsaya ba sai da ta sa yatsa ta juya fankar, ta ga ta juya. Sannan ta ajiye cokalin a kan kabad, ta matsa gefe ta ba shi wuri, ba ta dube shi ba.

Ya hure ƙurar da ta rage, ya mai da ragar, sukurori suna ta suɓuce masa. Ya ɗaure inbatar nesa da kabad, ya haɗa batura, ya kunna. Jikinta bai gama hucewa ba, don haka nan take fankar ta tashi, iska mai zafi ta bugo masa fuska. Ya soka mitar gwaji a soket. Lambar ta hau ta tsaya cak, ba ta rawa. Ya daɗe yana kallonta yana jiran ta sauka, ba ta sauka ba. Ƙwan fitila ya tsaya da haskensa, fankar silin ta ɗauki gudu ba gurnani.

Ya koma ɗakin tsoho ya kunna injin numfashi. Koriyar fitila ta kama, ba kuka. Ya rufe tukunyar, ya mai da bututun jikin inji, ya miƙa hannu zai gyara wa mahaifinsa shi a hanci. Malam Maccido ya ture hannun. Ya zare bututun da kansa ya ajiye a kan bargo.

“Kira man ita.”

Ruƙayyatu ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, daga waje, inda ta saba tsayawa in za ta gaishe shi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Tun da aka kawo ta gidan, maganarta da surukinta ba ta wuce ina kwana da ina wuni. Inna Bilkisu tana tsaye a bayanta tana share hawaye da bakin zane.

“Ɗiyata,” in ji tsohon, ƙirjinsa yana ƙugi, “wa yas sa ki wanga aiki?”

“Ba kowa, Baba. Ni nis sa kaina.”

“Ba ki ji abin da nac ce ba?”

“Na jiya.”

“Ba ki jin tsoro?”

“Ina ji, Baba.” Hannunta ɗaya yana ƙarƙashin mayafi, a kan cikinta. “Tun da kunka hwara shiɗewa ban yi kwana mai daɗi ba. Waɗancan ba su samu suna ba. Wanga in Allah ya kawo shi lahiya, so nikai ku yi mai huɗuba da bakinku.”

Karon farko ke nan da aka ambaci abin da ke cikinta a gidan, kuma ita ta ambace shi. Habibullahi ya ji hawaye sun zubo masa, bai ɓoye ba.

Malam Maccido ya daɗe yana kallon ƙofar, leɓunansa suna motsi. Sannan ya lalubo bututun a kan bargo. Ya kasa saita shi, Habibullahi ya matso zai taimaka, ya girgiza masa kai. Da kansa ya maƙala shi a hanci, ya zagaya igiyar ta bayan kunnuwansa, ya jingina da bango ya ja iskar har ƙirjinsa ya cika.